Kifin da Aka Fesa wa Maganin Sauro

'Yata ce ta zo da kifin daga Jos a cikin babbar kwalba, da ta sami aiki a Abuja sai ta bar mini shi. Ta ce beta ake kiransa, kuma ba a haɗa shi da wani saboda faɗa gare shi. Bai kai tsawon yatsana ba. Shuɗi ne, da jela mai faɗi kamar bakin zane. Lokacin ban daɗe da yin ritaya daga koyarwa ba, gidanmu na Kafanchan ya yi shiru, sai ya zama shi nake fara dubawa da safe. Da ya ga inuwata sai ya taso yana jiran abinci.

Ana nan sai ƙanin mijina ya zo daga Kagoma don bikin wani ɗan'uwansu, muka shimfiɗa masa katifa a falo. Ranar Lahadi muka tafi sujada, shi ya ce kansa na ciwo. Da muka dawo, tun daga bakin ƙofa warin maganin sauro ya buge ni. Ya rufe tagogi ya feshe falon kaf, kwalbar kuwa a buɗe. Wani maiƙo na yawo a saman ruwan.

Na ce masa, "Ba ka ga kifin ba ne?"

Ya ce, "Na gani mana, matarmu. Ai cikin ruwa yake, me zai same shi?"

Nan take na canja ruwan. Washegari na zuba abinci, kifin bai taso ba. Ya kwanta a ƙasan kwalba, ya naɗe jelarsa, shuɗin jikinsa ya koma kamar toka. Abincin ya jiƙe ya nutse a gabansa, ko kallo bai yi ba.

Na hau babur zuwa wani shagon maganin dabbobi a kasuwa. Mai shagon ya saurare ni yana danne dariya, ya ce su kaji da awaki suka sani. Na fito ko sallama ban yi masa ba. 'Yata ce ta koya mini a waya: in ɗebo ruwan rijiya in bar shi ya kwana, in sa gishiri ɗan kaɗan, in nemi tsutsar sauro mai rai ko motsinta zai ja shi. Haka na riƙa durƙusawa bayan gida da cokali, ina kamun tsutsa a cikin tsohon duro.

A haka ƙanin mijin nawa ya same ni. Ya yi dariya har da riƙe bango. A wurin bikin kuma ya ba da labari, ya ƙara gishiri, har matan zumunta suka riƙa tambayata, "Malama, yaya mai jiki?"

Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Rashin sani ba komai, kowa na yi. Amma ya ga ina wahala da abin da ya ɓata da hannunsa, ya mai da ni abin dariya a gaban mutane. Da na yi wa mijina magana, cewa ya yi, "Maman yara, ki bar zancen nan. Baƙo ne, kuma kifi ne fa."

Na ce, "In akuyarka ce ya sa wa guba, haka za ka ce?"

Ya ɗauki rediyonsa ya fita waje.

Wata safiya kifin ya yunƙura ya cafke tsutsa guda. Na kira 'yata ina murna. Bai ƙara cin komai ba. Bayan 'yan kwanaki na same shi a kife, na binne shi a gindin gwaiba.

Ƙanin mijina ya riga ya koma Kagoma. Da labari ya kai masa, sai ya aiko mai babur da busasshiyar tarwaɗa a ƙunshe cikin jarida, da saƙon cewa in huce, wannan ta fi girma kuma za ta yi miya. Ban ko taɓa ƙunshin ba. Na ce wa mai babur ya mayar masa, ya gaya masa ni ce na ce.

Da Kirsimeti ya zo gaisuwa. Na amsa, na ba shi shinkafa da nama kamar kowa. Da yamma ta yi ya fara waige-waigen inda zai ajiye jakarsa, na ce masa akwai ɗaki a gidan yayarsu.