Tubalin da Baba Ya Hana a Gani

Babana magini ne, ɗan magini, a Birni cikin Damagaram. Faɗansa a wurin aiki ya sa na riƙe lakwal, makarantar boko, hannu bibbiyu, har na tafi Yamai na koyo aikin kine, wato motsa gaɓoɓin waɗanda jikinsu ya shanye.

Ban daɗe da dawowa ba hawan jini ya kayar da shi, ɓarinsa na dama ya mutu. A asibiti ƙwallon roba muke ba mara lafiya ya riƙa matsawa don yatsu su farfaɗo. Da na miƙa wa Baba, sai ya harare ni ya ce, "Ni za ka ba kayan wasan yara?"

Wannan hararar ce ta tuna mini da laka. Na sa aka kawo jar ƙasa aka kwaɓa a tsakar gidanmu, na gayyato majinyatana biyu, wani tsohon direba daga Takieta da wata mai tuyar ƙosai daga Mirriya. Su cuɗa, su mulmula tubali irin namu mai faɗin gindi da tsinin kai. A hankali yatsunsu suka fara buɗewa. Tubalin da ya yi kyau mu ba masu gyaran tsofaffin gidajen unguwa. Aikina ke nan har yau, mutane na ta sa mini albarka. Amma Allah ya sani, don hannun mutum ɗaya na fara.

Shi kuwa sai ya zauna a inuwa yana tsiya. "Wannan tubali ne ko kan akuya?" Taɓawa dai ya ƙi. Na lallaɓa, na yi fushi, na sake lallaɓawa. Taurin kan nan wurinsa na gada, ina zan iya da mai shi?

Wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da shi zaune a ƙasa bakin kwaɓi. Ya sa hannun hagu ya kamo na dama, laka har gwiwar hannu. A gabansa ga tubali guda, karkatacce, shatin yatsunsa a jiki. Murna ta kusa kashe ni.

"Baba, ai hannun ya motsa!"

"Mayar da shi cikin kwaɓi."

"Ka bari ya bushe in ajiye, don Allah."

"A ce wannan aikina ne? Kai, mayar tun wani bai shigo ba."

Sai a lokacin na ga hawaye a gemunsa. Na ɗauki tubalin na mayar, na zuba masa ruwa da hannuna.

Bai ƙara kusantar laka ba, kuma damina ba ta ƙare ba ya rasu. Kwaɓin nan majinyata suka mulmule shi washegarin waccan Juma'ar, masu gyara suka kwashe. Na tambaye su daga baya wace katanga suka ɗora da shi, kowa ya ce bai tuna ba.