Gitar Munkaila Mai Gyaran Keke

Duk wanda ya zauna Matamaye a zamanin soja ya san rumfar Munkaila mai gyaran keke, nan bakin tasha, inda masu ɗauko rake daga fadamun Dungu ke tsayawa a liƙe musu taya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son doguwar magana. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne, manoman gyaɗa ne kaka da kakanni, shi ya sa da aka fara ganinsa rungume da gita, mahaifinsa ya daɗe bai amsa gaisuwarsa ba.

A wurin Baba Illa ya koya. Shi Illa a Damagaram ya yi ƙuruciyarsa, yana kaɗa gita a wani gidan rawa da ma'aikata ke zuwa ranar Asabar. Kiɗan ƙasar Kwango ya iya, wanda ya kwasa daga faifan garmaho, kiɗa mai sanyi kamar ruwan randa. Shekarar da fari ya cinye ƙasa har sojoji suka karɓi mulki, gidan rawar ya mutu, Illa ya dawo gida ya kama ɗinkin hula. Da ya ga Munkaila ya nace masa da zuwa, sai ya sakko da gitar daga bango ya fara koya masa.

Munkaila ya iya duk abin da tsohon ya nuna masa, amma ransa bai kwanta ba. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, shi ne ya ɓata al'amarin, ranar da ya tsaya a tasha ya kunna kaset ɗin da ya sayo a Kano, na wasu samarin kudancin Najeriya. Gitar da ke ciki ba waƙa take ba, ruri take yi, tana tsawa tana jan kuka. Munkaila ya saki tayar da ke hannunsa ya je ya tsaya jikin motar har kaset ya ƙare.

Daga ranar bai sake hutawa ba. Ya samo tsohuwar rediyo ya farke cikinta, ya haɗa ta da batirin mota, ya manna ɗan makirfo a cikin gitar. Lasifikar rediyon a tsage take, kuma tsagar ce ta ba shi gurnanin da yake so. Ya kinkimi kayan ya kai wa malaminsa yana murna.

Illa ya saurara da allura a hannu, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya taka wa jaki wutsiya?"

"Baba, haka ake kaɗawa yanzu a duniya."

"To duniyar ta kurmance. Gita lallaɓa ta ake yi. Abin da na ba ka ke nan za ka mayar injin niƙa?"

Munkaila ya kwashe kayansa ya tafi. Bai daina gaishe da tsohon ba, amma bai ƙara kaɗawa a gabansa ba.

A shekarun nan kowane gari kan tura samarinsa bikin matasa na ƙasa, kuma can ne kaɗai ake jin mutum a rediyo. Munkaila ya shirya da abokinsa Ummaru mai kalangu, suka yi ta gwaji bayan la'asar. Ranar zaɓe, a filin lakwal, wato makarantar boko, bai kai tsakiyar kiɗan ba wani ma'aikaci cikin masu zaɓen ya ɗaga hannu.

"Wannan na wace ƙabila ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Mu al'adar gargajiya aka ce mu kai. Mai kalangu ya tsaya, kai ka tafi da tarkacenka."

Aka tafi da Ummaru, ya dawo da sabuwar riga. Munkaila ya sake gwadawa shekarar da ta biyo, aka ce waƙarsa ba ta kira mutane ga aikin gina ƙasa ba. Ya sa baitin gina ƙasa, aka ce ƙarar ta yi yawa, manya ba za su ji baitin ba. Matarsa Saratu ta ce, "Maigida, mutanen nan ko zuma ka kai musu, cewa za su yi ta cika zaƙi." Ya san gaskiya ta faɗa, kuma sanin bai rage masa komai ba.

Sai farin shekarar tamanin da huɗu ya zo. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, fadamun Dungu suka ja baya, masu rake suka daina wucewa. Aka kuma rufe iyakar Najeriya, tsirkiyar gita da yake sayowa daga Kano ta yanke. Duk wadda ta tsinke sai ya warware wayar birkin keke ya ɗaura, tana yanka masa yatsu, sautinta kamar na kwano. Ummaru ya sayar da kalangunsa ya bi ta daji ya tafi ci-rani.

A lokacin ne Buzaye da dabbobinsu suka ƙare a arewa suka sauka bayan gari. Wata rana da hantsi Munkaila ya je can kai keken wani ma'aikacin rabon hatsi, sai ya ji kiɗa daga gindin wata bagaruwa. Wani saurayi ne dogo, rawani ya rufe masa baki, riƙe da galan ɗin mai da aka soka wa sanda aka ɗaura wa wayoyi. Babban yatsansa na dukan waya ɗaya ba fashi, kamar tafiyar raƙumi, sauran yatsun suna ta kuka a kanta. Ba batir, ba lasifika, amma abin da Munkaila ya yi shekaru yana nema yana cikin galan ɗin nan.

Haushi ne ya fara kama shi, kafin daɗi. Ya tsuguna ya ce, "Samari, wa ya koya maka?"

Saurayin, Rhissa sunansa, ya amsa da Hausarsa mai karye-karye. Ya ce kakansa molon Buzaye yake kaɗawa, shi kuma ya ji gita wurin 'yan'uwansa da suka je neman aiki ƙasar Larabawa. "Na haɗa su ne kawai, yaya. Ba ni da ta gaske."

Washegari Munkaila ya kai shi rumfa ya miƙa masa gitar, ya haɗa batir. Da Rhissa ya taɓa waya ta yi gurnani, sai ya zabura, sannan ya fashe da dariya. Suka shiga musayar abin da suka sani. Munkaila ya nuna masa yadda ake jan kuka da yadda Illa ke gudu da yatsu, Rhissa ya nuna masa dukan babban yatsa. Mutanen da yunwa ta hana walwala suka fara taruwa bakin rumfar da la'asar. Har Baba Illa ya zo rana ɗaya, dogare da sanda, ya tsaya daga nesa. Da aka gama ya ce wa Munkaila, "Wannan yaron yana da hannu. Ka rage masa ƙarar nan dai." Ya juya ya tafi.

Abin bai kai ko'ina ba. Taro a wancan zamani abin tuhuma ne, balle taron da ake waƙa da harshen da masu kaki ba sa ji. Wasu biyu daga cikinsu suka zo suka tambayi Rhissa me yake faɗa. Ya ce raƙumarsa da ta mutu yake yi wa waƙa.

"Raƙuma ce ke tara mutane haka?" in ji ɗayan. Suka ɗauke rediyon da batirin, suka ce a zo a karɓa in an gama bincike. Munkaila ya yi ta sintiri har ya gaji, kullum a ce mai makulli ba ya nan.

Kafin sati ya zagayo aka kawo manyan motoci aka kwashe mutanen bayan gari zuwa wuraren noman rani. Munkaila yana garin Kurni wurin jana'izar gwaggonsa ranar, da ya dawo sai toka da duwatsun murhu ya tarar. Ya tambayi direbobi, wani ya ce gabas aka yi da su, wani ya ce Rhissa ya dire a hanya ya nufi arewa. Bai sake jin labarinsa ba.

Damina ta dawo, iyaka ta buɗe, tsirkiya ta samu. Munkaila ya haɗa wata rediyon, ya ci gaba da kaɗawa shi kaɗai bayan ya rufe rumfa, da sabon salon da ba na Illa ba, ba na samarin kudu ba, ba kuma na Rhissa zalla ba. Ba wanda ya taɓa ɗaukarsa a kaset. Bayan wasu shekaru kiɗan gitar Buzaye ya cika kasuwa, har yaran tasha suka riƙa ce masa, "Baba Munkaila, ashe kai ma kana kwaikwayonsu?"

Shi kuwa sai ya ce wa wanda ya kawo gyaran keke, "Juyo da tayar in ga inda ta huje."