Gurbin da Baba Ya Ƙi Cikewa

Babana kafinta ne a Argungu, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, in aka cire ni. Shekarar da ƙaramar hukuma ta nemi wanda zai yi mata bencina da teburan makarantun firamare, shagonsa ya yi wata huɗu babu aikin kirki. Magidanta shida ke aiki a ƙarƙashinsa, kowa da iyalinsa, biyu har sun fara maganar tafiya ƙwadago gonakin albasa. In kwangilar nan ta kuɓuce, shago zai rufe. Kowa ya san haka, har shi, duk da bai taɓa furtawa ba.

Ni ce 'yar boko a gidan, don haka ni aka tura Birnin Kebbi wurin bitar da aka shirya wa masu neman kwangila. Can wani mai gilashi ya nuna mana sabon gurbi a takardar. Ban da kyan aiki da sauƙin farashi, sai mutum ya rubuta amfanin da jama'a ke samu daga gare shi: koya wa matasa sana'a, taimaka wa mata, shuka itatuwa, da makamantansu. Wanda ya riga ya saba yi, makinsa ya fi yawa. Na cika littafina da dabaru, na ci shinkafar da aka raba, na hau mota ina ji kamar kwangila ta riga ta zo hannu.

Na tarar da Baba yana zarto. Na ce za mu rubuta yana koya wa matasa sana'a kyauta.

Ya ce, "Wanga ba a taɓa shi. Ina yi."

"To ai shi ya sa za mu rubuta, Baba."

Ya ajiye zarton ya dube ni kamar na zo masa da naman kare. "Ke ɗiyag ga, abin da niy yi don Allah shi za ni kai sakatariya a buga mai hatimi? Ladan hwa? Riya ke nan. Nemo wani."

Na nemo. Na ce garin katako, a riƙa ba matan da ke bandar kifi kyauta. Ya ce tun ina goye suke kwasa. Na ce gyaran ƙofa ga matan da mazansu suka rasu. Yana yi. Na ce facin kwale-kwalen masu fito. Ya ce har na garin Gulma ma shi ke yi musu. Duk dabarar da na ɗauko daga littafina, sai ta zama mutumin nan ya riga ya aikata ta a ɓoye, ya kashe mini ita. Raina ya ɓaci. Cikin gatse na ce to sai mu rubuta za mu yi wa masallatai makarar ɗaukar gawa.

Ya waiga ya ga ba kowa kusa. Sannan ya ce duk makarar da ke masallatan unguwarmu shi ya yi su. Da rana tsaka yake kai su, lokacin da mutane ke fadama, ya jingine ya wuce. Ni kuwa na san wani attajiri ake yi wa addu'a saboda makarun nan, attajirin kuma bai taɓa musawa ba.

Baba ya ce, "Ko uwakki ba ta sani ba. Amana ta na ba ki."

Daga nan muka shiga neman alherin da Baba bai taɓa yi ba. Kwana uku muna abu ɗaya. A ƙarshe muka dace: bai taɓa shuka itace ba, yankawa kawai ya sani. Amma sai da ya ja ni wurin liman, yana son a tabbatar masa shukar ba ta da lada, don kada ya rubuta ya yi asara. Liman ya ce ai duk tsuntsun da ya ci, duk mutumin da ya sha inuwa, akwai lada. Baba ya ce to shi ba ya so, don kwangila zai yi. Liman ya ce shekarunsa talatin yana limanci, bai taɓa ganin wanda ya zo neman tsari daga lada ba. Suka yi ta jayayya har aka kira la'asar. Aka rabu a kan cewa in niyyarsa kwangila ce, to kwangilar ce sakamakonsa.

Muka dasa dogon yaro goma sha biyu a bakin hanya, Baba yana ɗaure fuska don kada wani ya zaci alheri yake yi. Wata tsohuwa ta tsaya ta ce Allah ya saka masa, ya ce ta mayar da addu'arta. Kafin mai hoton da zai ɗaukar mana shaida ya zo washegari, awaki sun cinye su tas.

Ranar kai takarda Baba ya ce in rubuta "Babu" a gurbin. Na ce Baba, wani kafintan Birnin Kebbi da ke neman kwangilar ya yi alkawarin rigunan ƙwallo da rijiya. Ya ce Allah ya ba shi sa'a. A ƙofar sakatariya na zauna kan dakali, na rubuta komai da hannuna: matasan, garin katakon, ƙofofin, kwale-kwalen, har makarun. Na san abin da nake yi.

Abin da mai gilashi bai gaya mana ba shi ne, a bainar jama'a ake karanta takardun. Zaure ya cika. Baba na gaba da babbar rigarsa, ma'aikatansa shida na bayansa a jere. Jami'in kwamiti ya fara karanta tamu. Da ya kai kan makara, wani dattijo ya miƙe ya ce, "Allahu Akbar! Ashe kai na!"

Baba ya ce, "Ƙarya ta!"

Wani ya ce shi kam ya taɓa hango shi da makara a amalanke. Baba ya ce gyara ya kai. Sai mutane suka shiga ba da shaida, shi kuma yana ƙaryata su ɗaya bayan ɗaya, yana huci kamar wanda aka kama da akuyar sata. Jami'in ya buga tebur. Ya ce shi abin da ya sani, duk takardar da ke ɗauke da ƙarya waje ake jefa ta.

"Malam, kai ka yi ko ba kai ba ne?"

Baba ya juya ya dubi mutanensa shida. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Ni kam bai dube ni ba.

Ya ce, "Ni niy yi." Sai da jami'in ya sa ya maimaita, don ba a ji ba.

An ba mu kwangilar. Ma'aikata suka yi ta murna, shi kuwa ya karɓi barka kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Na yi ta jiran faɗa, har na shirya amsoshina, amma bai yi ba. Bayan kwana biyu, yana wanke hannu zai ci tuwo, ya ce, "Kin kyauta ma yaran shago." Bai ƙara komai ba, kuma wannan ya fi mini zafi a kan duka.

Shagon na nan har yau, ni ke cike masa takardu, ya sa hannu ba tare da ya karanta ba. Amma duk Alhamis yakan ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita shi kaɗai, ya dawo da ƙurar katako a gemu. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ina zuwa?"

Ya yi mini irin murmushin da yake yi wa baƙi, ya ce, "Nan kusa na."