Jar Saniyar Da Aka Ɗaure Masa

Edita, a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ni ɗan doka ne a Sabon Birni, saurayi mai jar hula da kulki, mai ji da kai kamar ni na haƙa gulbi. Bagobiri ne ni da zanena a fuska, kuma ba zan ɓoye ba, na tashi a hannun kakar da ba ta taɓa ambaton Bafillace da alheri ba. Na iya ɗan Fillanci, irin wanda ake tsinta a bakin masu tallar nono wajen tsokana da neman gyara. Da wannan guntun Fillancin nake taƙama a cikin 'yan doka, har ya zama duk makiyayin da aka kamo ni ake kira in yi tafinta.

A ranin da nake magana satar shanu ta hana mutane sakat. Ɓarayi su kora dabbobi su tsallaka ƙasar Faransa, wato Nijar ta yanzu, mu bi sawu har bakin iyaka mu tsaya muna kallo, don ba mu da ikon wucewa. Wani manomi a Gatawa ya tare su a kan bijimansa, suka sare shi a kafaɗa, da ƙyar ya sha. Na ga raunin da idona, na ga matarsa tana birgima a ƙasa, saboda haka kada mai karatu ya ɗauka fushinmu na banza ne. Bature ya zo rangadi ya yi faɗa, babbanmu ya juyo ya sauke mana namu. Aka ce mu bi mashaya da rugage, duk saniyar da yankan kunnenta ya bambanta da na garken da take ciki, mu taho da ita da mai kiwon.

Wata safiya a wata rijiya kusa da Burkusuma muka tarar da wani Bafillace, siriri, ba zai wuce shekara talatin ba, yana jan guga yana shayar da 'yan shanun da ba su kai garke ba. A cikinsu akwai wata ja mai dogayen ƙaho, yankan kunnenta daban, irin na mutanen hayin iyaka. Hausarsa ba ta nuna ba, sai aka turo ni. Na tambaye shi ta wace ce, ya amsa da kalma guda, ya ce haɓɓanaye ce. Ban taɓa jin kalmar ba, amma na san haɓɓa na nufin ɗaurewa, kuma girman kai ya hana ni in ce ban gane ba. Na juya na shaida wa babbanmu cewa ya amsa da bakinsa, wai ɗaure masa ita aka yi, wato ɓarayi suka ba shi ajiya. Na ce ya faɗi sunan wanda ya ɗaure masa. Ya sunkuyar da kai, ya ce wai tsoho ne, babba ne. Na sake tambaya, ya sake cewa babba. A nan na yanke cewa uban ɓarayin yake rufa wa asiri.

Ni da hannuna na ɗaure shi ta baya, da igiyar gugansa, jiƙaƙƙiya. Duk wanda ya san igiya ya san abin da take yi in rana ta busar da ita a jikin mutum. Muka tasa shi gaba da saniyar, muka bar sauran shanun da matarsa tsaye a bakin rijiya. A hanya sau ɗaya ya yi magana, ya roƙi in sassauta masa hannun hagu, na ce sai ya faɗi suna. Da muka ratsa ƙauyuka mata suka yi ta guɗa, maza na sa mana albarka, kaina ya ƙara girma.

Ƙa'ida ita ce mu kai shi gaban alƙali washegari. Ba mu kai shi ba. Muka ce in ya shiga hannun shari'a sunan ya tafi ke nan, gara mu riƙe shi tukuna. Kwana uku yana ɗakin tsaro, ana kwance shi ya ci abinci a mayar, kuma ni nake mayarwa, ina ƙara tamkewa. Bai yi kuka ba, bai zage ni ba, wannan shirun kuwa ya fi zagi ba ni haushi. Akwai wani dattijon malami mai makarantar allo kusa da mu, ya kira ni gefe ya tambaye ni ko akwai wanda ya zo ya ce saniyar tasa ce. Na ce babu. Ya ce to satar wa ya yi? Na ce masa Malam ya riƙe allonsa, mu ke tsaron garin da yake karatu lafiya a ciki. Har yau in na tuna wannan amsar sai in ji kunya ta rufe ni.

Rana ta huɗu muka kai shi kotu a Isa. Ana shirin zama sai ga ardon Fulanin yankin da wani tsoho mai farin gemu, ƙafafunsa duk sun tsage don tafiya, daga hayin iyaka ya taso. Tsohon ya tsaya a bakin fili ya kira wani suna sau biyu. Jar saniyar nan ta fizge daga hannun mai riƙe da ita ta nufo shi tana lasar hannunsa. Sannan ardo ya yi bayani da Hausa tsantsa. Ya ce haɓɓanaye al'adarsu ce: in ciwo ya cinye wa mutum shanu, wani nasa ya ɗaure masa saniya aro, ya riƙe ta har ta haihu, 'yan maruƙan su zama nasa, uwar ta koma gida. Ya ce tsohon ga surukin makiyayin ne, uban matarsa, kuma Bafillace ba ya kama sunan surukinsa ko da wuƙa a wuyansa. Alƙali ya ɗaga kai ya tambaya wa ya yi tafinta. Ban san lokacin da na cire hula ba.

An sake shi a take, amma hannun bai sake shi ba. Yatsun hagun sun kumbura, daga baya suka lanƙwashe suka bushe. Rijiyoyin ƙasarmu masu zurfi ne, ba a jan guga da hannu ɗaya, ba a tatsa da hannu ɗaya. Saniyar da aka ba shi don ya farfaɗo, ta dalilinta na raba shi da kiwo. Satar kuwa ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi. Da can makiyaya ke raɗa mana inda suka ga baƙon sawu, daga ranar suka kama bakinsu, in mun doso ruga sai mu tarar kowa ya zama kurma. Ni kuma ba wanda ya ce mini kanzil, har ƙarin girma na samu bayan shekara biyu.

Na daɗe da ajiye kulki lokacin da na sake ganinsa a kasuwar Isa, yana zaune yana tsaron awakin mutane, hannun a naɗe cikin riga. Na durƙusa na faɗa masa ko ni wane ne, ya ce ai ya gane ni tun daga nesa. Na roƙi gafara. Hausarsa ta nuna a lokacin. Ya ce ya yafe tuntuni, Allah ya yafe muna baki ɗaya, abu guda dai ke ba shi mamaki. Wai duk kwana ukun nan yana jiyo muryar masu nono a ƙofar ɗakin da muka tsare shi, ina wasa da su ina shan fura, mi ya hana in tambayi ɗaya daga cikinsu ma'anar kalmar?

Yanzu sata ta koma ta bindiga, kuma ina jin matasa na cewa ba lokacin bincike ba ne, a kama kawai, wanda bai yi ba Allah ya fid da shi. Na san zafin da ke sa a faɗi haka, na ɗanɗana shi. Amma ku da aka damƙa wa tsaron jama'a, ko da kaki ko da gora, ku sani wanda ke hannunku yana cikin jama'ar da kuke tsaro har sai shari'a ta ce ba haka ba. Ku nemi mai ƙara, ku kai mutum gaban alƙali a kan lokaci, abin da ba ku gane ba ku ce ba ku gane ba. Ni an yafe mini, amma na kusa kabari ban yafe wa kaina ba, domin hannun bawan Allah nan tambaya ɗaya ce kuɗin fansarsa, masu amsar na zaune a bakin ƙofa, na ƙi yi.