Ƙahon Kawu Ilu a Ƙeyata

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a wannan labari ni ne wawan. Ku da kuka zauna Nuzla, unguwarmu ta baƙi a ƙasa mai tsarki, kun san Kawu Ilu wanzami, ƙanin mahaifiyata. Ba ya amsa gaisuwa sai ya ja fatar idonka ƙasa ya leƙa, sannan ya ce jini ya yi maka yawa. Har limaminmu bai tsira ba, kuma a bakin masallaci.

Allura kuwa, a wurinsa ruwa ne ake ɗura wa mutum. Ya ce tun a Sudan likitan Turawa ya sa aka ƙwace masa zabira sau biyu, wai ƙaho camfi ne, sau biyun kuma matar ɗan sandan da ya ƙwace ta dawo masa da ita a ɓoye saboda ciwon kai.

Ni a lokacin masinja ne a ofishin lafiya na baladiyya, wato hukumar gari. Ajina uku a makaranta, amma na sayi gutra, ƙyallen nan da Larabawa ke rufe kai da shi, da alƙalami, ina tafiya kamar ni na gina asibitin. Kawu ya laƙa mini suna Likita.

Sai doka ta fito: duk mai tsaga jikin mutane ba takardar izini, a ƙwace kayansa, in baƙo ne a soke iƙamarsa ta zama a ƙasar, a sa shi jirgi. Na karanta wa Kawu, na ƙara da wa'azi. Ya saurara tsaf, ya ce muryata ta nuna jini ya taru. Gaskiya kwana uku kaina na sarawa. Na leƙa waje, ba kowa, na zauna ya kafa mini ƙaho biyu a ƙeya.

Jibin ranar aka ce in raka mufattishi, wato mai bincike, Nuzla in yi masa tafinta. Ƙofa ta uku ta Kawu ce. An riga an cusa zabirar cikin buhun gawayi. Kawu ya zauna da carbi kamar bai taɓa ganin aska ba, kuma da na yi shiru da shi ke nan. Ina! Na shiga zuba Larabci: tsohon nan aski kawai yake yi, danginmu kaf mutanen zamani ne, ni kaina allura ce abincina. Na yi ta zuba har gumi ya jiƙa ni, na cire gutra in goge fuska.

Mufattishi yana bayana. Ya ga da'ira biyu an aske tas a ƙeyata, da tsaga ɗanya shar.

“Wannan wace allura ce?” in ji shi.

Ya buɗe littafi, ya tsaya. In ya rubuta Kawu, dole ya rubuta cewa shaidar a ƙeyar ma'aikacin ofishinsa take, wanda shi ya kawo. Ya rufe, ya ce halas, magana ta ƙare. Kawu ya tsira da iƙamarsa da zabirarsa. Ni aka mayar da ni sharar tsakar gida.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, hannunsa bai taɓa cutar da kowa ba. Bakinsa ne dai. Da na je ina ƙorafin ƙahonsa ya ja mini tsintsiya, ko ɗagowa bai yi ba.

“Likita, ni jini na iya zuƙewa. Wautar da ta sa ka tuɓe gutra, ba a ƙera ƙahonta ba tukuna.”