Kaboyin Kaka Falmata

Kakarmu Falmata gyaɗa take sayarwa a ƙofar gidan sinima na Mubi. Daga Borno aka kawo ta tana amarya, mijinta ya rasu, ta riƙe gida da tiren gyaɗa. Mai gadin ƙofa ya saba da ita, in an kai rabin fim sai ya bar ta ta zauna daga ciki. Ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ido kawai take sawa, washegari ta kawo mana abin da ta gani.

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa finafinan kaboyi ake yayi, irin masu ban dariya. Sai da na girma na ji cewa Turawan Italiya ne suke yin su. Mu dai a wurin Kaka muka san su. Bayan magariba za ta ɗora kasko a murhu, ta zuba yashi da gyaɗa, mu kewaye ta, ni da yayana Modu da 'yan maƙwabta. Tana juyawa tana magana da Hausarta ta Mubi, wadda ba ta raba mace da namiji.

"To, kaboyi ya iso," in ji ta.

"A doki ko a ƙafa?" mu tambaya. Haka muke buɗewa kullum.

Akwai mutum ɗaya da ba ya cikin da'irar amma yana kusa. Kawu Bukar ne, autanta, wanda ya yi soja ya dawo. Jikinsa lafiya lau, sai dai ya daina magana in ban da gaisuwa. Yini yake a zaure. In Kaka ta fara, sai ya jawo tabarma zuwa bakin ƙofar tsakar gida, ya juya mana baya.

Labarin da na fi riƙewa na wani wanzami ne. Ya shigo gari a kan alfadari, mutane suka ɗauka shi ne wani gwanin bindiga da ake tsoro, shi kuwa bai musa ba saboda ana ba shi abinci kyauta. A garin akwai wani azzalumi da ya kewaye rijiya da yaransa, ba mai ɗiban ruwa sai da izininsa. Aka ce baƙo ya fito su kara. Wanzami ya roƙi a bar shi ya yi wa azzalumin aski tukun, kada ya je lahira da ƙasumba. Yana aski ya tsiyaya masa zuma a kuben bindiga. Da aka tsaya a fili, azzalumi ya ja bindiga ta ƙi fita, ƙudan zuma suka taru masa a ƙugu. Yaransa suka buɗe wuta.

"Wannan ya harba, ya samu hula," in ji Kaka. "Wancan ya harba, ya samu tulu. Matar mai gari ya fito da kasko, ya bi su ɗaya ɗaya."

Ranar Modu ya katse ta. Ya girme ni da shekara biyar, kuma ashe ya hau bishiyar da ke bayan katangar sinima ya kalli fim ɗin da kansa.

"Kaka, ba haka aka yi ba. An kashe mutum uku a bakin rijiya. Ɗaya ma a ciki aka harbe shi."

Kaka ba ta ɗago ba, ta ci gaba da juya gyaɗa. Sai muka ji murya daga bakin ƙofa.

"Modu, kai kake ba da labarin ko ita?"

Kawu Bukar ne. Rabonmu da jin magana mai tsawon haka daga bakinsa har mun manta.

"Inna, ci gaba," ya ce. "Ya aka yi da alfadarin?"

Ta ce alfadari ya sha ruwa har cikinsa ya taɓa ƙasa, ta ƙarasa, ta zuba gyaɗa a tire ta tafi kasuwarta. Ba ta yi wa Modu faɗa ba, shi ma bai sake gyara mata ba.

Kawu bai warke a ranar ba. Abin ya ɗauki lokaci. Da damina ta zo wani abokin mahaifinsa ya ba shi gona a ƙauyen Betso, ya koma can, daga baya ya yi aure. Kaka ta ci gaba da gyaɗarta har ƙafa ta gaza.

Bayan rasuwarta na je Betso gaishe shi, hira ta kawo mu kan kaboyi. Na ce masa na kalli irin finafinan a talabijin, na ga ana mutuwa a cikinsu, ko da ana dariya.

"Na sani," ya ce. "Sinimar ba ta da rufi. Daga zaure nake jin harbin, ina ƙirgawa, ba na iya bari. In na ƙirga ashirin, washegari sai Inna ta gaya mini inda kowanne ya faɗa. Hula, tulu, gindin wani. In ta gama sai in samu barci."

Na daɗe ina ɗauka mu take yi wa labarin, kuma rashin Turanci ne ya sa take kuskure. Har yau ban san ko ta san yana ƙirgawa ba. Na tambaye shi, ya ce ba su taɓa yin maganar ba.

"Amma lissafinta bai taɓa gaza nawa ba," ya ce.