Wakilin Mudir a Kan Dutsen Ƙanƙara

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin nas a Riyadh, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da mudirinmu ya naɗa ni wakilinsa na hawa dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a duniya. Ni Bala, mutumin Funtuwa, wanda ko tsani aka jingina min in canza ƙwan lantarki sai na yi addu'a kafin in taka. Ku da kuke shirin tafiya can aiki ku gyara zama, don wannan ba a koyar da shi a makarantar nas.

Asibitinmu na kuɗi ne, wani dogon bene a unguwar Shumaisi. Ni ne babban nas na ɗakin maza. A samana akwai shugabar nas-nas, a samanta likitoci, a saman kowa kuma mudir, wato mai gudanar da asibitin. Namu Abu Nawaf ake ce masa, ɗan mai asibitin ne. Abin da ya kamata ku gane shi ne, a can asibitin ne kafilinka, shi ya tsaya maka ka zauna a ƙasar. Iƙamarka, katin zamanka ke nan, ta hannunsa ake sabunta ta, ta matarka da ta 'ya'yanka kuma a jikin taka suke rataye. In shekara ta zagayo mudir bai sa hannu a kwantiraginka ba, ku duka sai filin jirgi. A shekarar da nake ba ku labari 'yata Zainab tana ajin ƙarshe na sakandare. A can aka haife ta, da Larabci ta yi karatunta tun daga aji ɗaya, 'yan watanni suka rage mata ta rubuta jarrabawar fita. Kwantiragina kuwa zai ƙare kafin jarrabawar.

Abu Nawaf ba mugu ba ne, wallahi. Ga fara'a ga kyauta, matsalarsa ɗaya, bai iya zama ana yabon wani a gabansa ba. Ya je wata walima aka yi ta kambama wani abokinsa da ya hau wani dutse a ƙasar waje, shi ke nan mutumina ya dawo da zazzaɓi. Ya ce shi Everest zai hau, kuma ba hawa kawai ba, sai ya kafa tarihi. Da aka bincika masa sai aka tarar 'yan duniya sun riga sun kwashe komai. Wanda ya fara hawa, akwai. Mace ta farko, akwai. Mafi tsufa, mafi ƙuruciya, wanda ya hau ba tulun iska, wanda ya hau ya sake hawa har ya gaji, kowa ya kama kujerarsa. Da ƙyar aka samo masa gurbin da ba kowa: shi ne zai zama mudirin asibiti na farko da ya sha gahawa a ƙololuwar dutsen. Aka tara mu aka sanar, muka yi tafi kamar an ƙara mana albashi.

Kamfanin da zai kai shi ya aiko da tsarin atisaye. An ce kullum ya goya jaka mai nauyi ya riƙa hawa tudu. To ina tudu a tsakiyar Riyadh? Sai aka ce matakalar asibiti ta wadatar. Shugabar nas-nas ta kira ni ta ce ni zan riƙa binsa da ɗan abin nan da muke maƙalawa a yatsa mu ga yawan iskar da ke cikin jini, in kuma auna bugun zuciyarsa a kowane hawa.

Ranar farko ya fito cikin kayan sanyi masu tsada, ga takalmi kamar na soja, ga jaka an cika ta da gorunan ruwa. Ya sunkuya zai ɗauka. Jama'a, ku gaya min, wane Bahaushe ne zai tsaya hannu rabbana, babba yana ɗaukar kaya a gabansa? Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya kai.

Na ce, "Kawo, ɗal umurak." Wato ranka ya daɗe irin na can.

Shi kuma tun da aka haife shi bai taɓa miƙa hannu ga kaya wani bai karɓa ba, don haka ko gardama bai yi ba. Ya sakar min, ya ce, "Yalla, ya Bala," ya yi gaba.

Haka muka kafa. Kullum da safe ni ke goye da jaka, shi yana gaba yana amsa waya. Duk mako ana ƙara gorunan ruwa kamar yadda kamfani ya tsara, shi da kansa yake tsayawa ya tabbatar an ƙara, don mutum ne mai bin ƙa'ida. Bayan ɗan lokaci ya gano cewa ai duk wanda ya hau dutse dole ya sauko, saboda haka sauka rabin aikin ne, kuma ita mutane suka fi sakaci da ita. Daga ranar sai ya riƙa hawa ta lif ya jira ni a sama, in iso ina haki, mu sauko tare. In na maƙala masa abin yatsa, lamba lafiya lau. Yaya ba za ta yi lafiya ba? Sai ya nuna wa duk wanda ya wuce, a ce masha Allah.

Watanni suka tafi a haka. Tumbina ya zube, wandunana suka yi min yawa. Matata Maryam har ta fara tambaya ko wani abu ke damuna a wajen aiki. Mudir kuwa ya ƙara kumatu, don bayan kowane atisaye sai an kawo dabino da kek ya mayar da ƙarfin da ya ɓata.

Da tafiya ta matso, kamfanin ya ce sai an gwada zuciyarsa. Likitar zuciyarmu Dakta Hadiza ce, 'yar Zariya, mace mai magana ɗaya. Ta ɗora shi a kan injin nan da ake tafiya a kansa ba a zuwa ko'ina, ta liƙa masa wayoyi a ƙirji. Ba a je ko'ina ba ya jiƙe sharkaf, ya kama ƙarfe yana neman kujera. Ta kashe injin ta ce masa zuciyar nan ba ta dutse ba ce, in ya je ba zai dawo ba.

Ya ce ƙarya ne, injin ne ya lalace. Ya waiga ya gan ni a tsaye da tawul. "Hau, ya Bala, mu nuna mata injinta ya mutu."

Na hau. Dakta tana ƙara gudu tana ƙara tudu, ni kuwa ko a jikina, don yau ba jaka a bayana, ji nake kamar in yi waƙa. Da ta ga abin ya yi yawa ta ce min da Hausa ƙasa-ƙasa, "Malam Bala, ka yi haki mana! Ba ka ga irin kallon da yake maka ba?" Kafin in gane nufinta aikin gama ya gama. Mudir ya daina fushi, yana kallona yana murmushi, irin kallon da ake yi wa rago ana jibi Sallah.

Washegari aka kira ni ofishinsa. Ya zaunar da ni, ya zuba min gahawa da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. A nan na san akwai magana.

Sai in yi muku bayanin wakala. A can babban mutum ba ya bin layi. Yana ba wani wakala, wato izini a hukumance ya yi abu da sunansa. Da wakala ake sayar da gida, da ita ake karɓo mota, da ita ake shiga kotu, kuma duk abin da wakili ya yi, mai wakala ne ya yi. Abu Nawaf a cikin wannan ya girma, bai taɓa ganin abin da ya gagari wakala ba.

Ya ce, "Ya Bala, na yi tunani. Zan yi maka wakala ka hau dutsen nan a madadina."

Na ce, "Ɗal umurak, dutse kuma? Ai ba a hawa wa mutum dutse."

Ya ce, "Wa ya ce? Mahaifina bai taɓa taka ƙafarsa a ma'aikatar filaye ba, amma filayen na wane ne? Kuɗi nawa, suna nawa, niyya tawa. Kai ƙafa kawai za ka kawo."

Na ce to hoto fa? Ai ni da shi ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Ashe ya riga ni. Ya juyo min da kwamfuta ya nuna min hotunan waɗanda suka kai ƙololuwa: hula ta rufe kai, tabarau ya rufe ido, abin shaƙar iska ya rufe hanci da baki, safa ta rufe hannu. "Ka gani? A can sama kowa kama ɗaya. Ka ɗaga tuta, ka ɗaga kofi, halas, shi ke nan." Kuma ku yarda da ni, a ransa ba ya jin yana shirya ƙarya. Da na miƙe zan fita ya ƙara da cewa, cikin fara'a, kwantiragina yana kan teburinsa, in mun gama wannan sai ya sa hannu gaba ɗaya.

Na koma gida na zayyana wa Maryam. Ta ajiye ludayi ta ɗauko waya, ita da Zainab suka shiga binciken dutsen. Ba su daɗe ba Maryam ta ɗago ido jawur.

"Malam, ka san wanda ya mutu a can sama sau da yawa a nan ake barinsa? Ba wanka, ba likkafani, ba sallah. Mutane na wucewa ta gefensa."

Na ce na sani. Ni nas ne, na san abin da rashin iska ke yi wa huhu da ƙwaƙwalwa, na san yadda sanyi ke cinye yatsu. Matakalar asibiti mai na'urar sanyaya ɗaki daban, wancan wuri daban.

Ta ce, "To me kake jira?"

Na kalli Zainab. Jarrabawarta nake jira. Ta sunkuyar da kai, littattafan jarrabawarta a baje a kan tabarma. Tsoro ya kama ni ta ko'ina, na tafiya da na zama, kuma ban ɓoye musu ba.

Na yi ta jan ƙafa ina fatan zai manta. Ina! Sai ga tela an turo ya auna ni don rigar sanyi, sunan mudir za a ɗinka a ƙirjinta. Ranar na hau ofishinsa. Tunda nake ban taɓa kallon idon wanda ya girme ni a aiki na ce masa a'a ba, mu da aka koya wa "to" tun muna goye. Amma ranar na faɗa.

"Ɗal umurak, ba zan je ba. In ciwo ne zan yi jinyarka har ka warke. Amma dutsen nan ba zan hau ba."

Ya kalle ni, mamaki ya fi fushi yawa a fuskarsa. Can ya ce, "Bayan duk horon da na ba ka?"

Wallahi haka ya ce. Bai yi faɗa ba, bai zage ni ba. Hannu ne kawai bai sa a kwantiragina ba. Dakta Hadiza ta shiga ta roƙa, ta ce ko don yarinyar a bar mu zuwa bayan jarrabawa. Ya ce ba shi da matsala da kowa, tsarin aiki ne. Na nemi wani asibitin ya ɗauke ni, lokaci ya ƙure kafin a dace. Aka buga mana bizar fita ta dindindin.

Tun daga ranar Zainab ta ɗauke min wuta. Gaisuwa kawai, sai ta shige ɗaki. Ban ga laifinta ba. Ƙawayenta na shirin jarrabawa, ita tana cusa littattafai a kwali, za ta ƙasar da Hausarta ma dariya ake mata in mun je hutu, ta maimaita aji da Turanci.

Muna zaune a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid muna jiran a kira mu, sai ga saƙo daga Dakta Hadiza, bidiyo ne. Ashe mudir ya tafi abinsa. Jirgi mai saukar ungulu ya ajiye shi a zangon da ke gindin dutsen, inda masu hawa ke kafa tanti kafin su fara. Ga shi nan an riƙe shi ta dama da hagu, an zuba masa gahawa, ya kurɓa, ya yi tari, aka mayar da shi cikin jirgi. An ɗan gyara tarihin: yanzu shi ne mudirin asibiti na farko da ya sha gahawa a gindin dutsen. A ƙarshen bidiyon ga abokan aikina a ƙofar asibiti suna tafi.

Takaici ya ishe ni. Ashe abin da ya raba ni da aikina, ya raba yarinyar nan da jarrabawarta, kofi ɗaya ne da ake iya sha a ƙasa. Zainab ta karɓi wayar ta kalla har ƙarshe. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta miƙo min, ta matso ta jingina da kafaɗata, ta ce da Hausarta mai ɗaurin Larabci, "Abba, gara in maimaita aji. Aji ana maimaitawa. Kai in ka zauna a cikin ƙanƙara, wa zai je ya ɗauko min kai?"

Ta maimaita ɗin kuwa, a Funtuwa, kuma ta sha wuya.

To abin da zan gaya muku ke nan. Aikin nas aikin ba da aron jiki ne. Za ku ba da hannunku, ku ba da bayanku, ku ba da barcinku, kuma in don marar lafiya ne ba asara. Amma za ku haɗu da manya masu lafiya garau da suka saba komai a yi musu, har ba su san inda jikinsu ya ƙare na ma'aikaci ya fara ba. Ba lallai mugaye ba ne, za su yi muku murmushi su zuba muku gahawa. Ku girmama su, ku gaishe su, amma ku koyi cewa a'a tun kuna sababbi, tun abin da za ta ci muku bai wuce harara ba. Ni sai da na yi furfura na koya, kuma ba ni na biya ba, 'yata ce ta biya da shekara guda ta rayuwarta.